Shafinka Shaidarka: Matasan Haɗeja da Neman Aiki a Kafafen Sada Zumunta

A da, idan saurayi a Haɗeja yana neman aiki ko jari, akwai wanda zai tsaya masa: malamin da ya karantar da shi, maigidan da ya koya masa sana'a, ko dattijon unguwa da ya san iyayensa. Wannan shaida ba ta gushe ba, sai dai an samu wani mai shaidar da ba a rantsar da shi, ba ya kuma mantuwa, wato shafin mutum na Facebook ko TikTok ko X. Dillalin da ke Kano ko Legas kan leƙa shafin kafin ya turo kuɗin shinkafa, mai ɗaukar aiki ma haka.

Ƙasar Haɗeja ba ta rasa abin nunawa ba. Akwai noman rani a Auyo, akwai shinkafa da alkama a fadamar kogin, ga kasuwar kifi da ake zuwa daga nesa. Duk shekara Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna yaye ɗalibai, alhali guraben aikin gwamnati ba sa ƙaruwa daidai da yawansu. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan garin ne, kuma hukumarsa na cikin masu gudanar da shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 domin horar da 'yan Nijeriya miliyan 3 kan fasahar zamani. Amma wanda ya kammala horo ya rufe takardarsa a akwati, babu mai sanin ya iya.

A nan ne wasu ke ja da baya, suna tsoron kada tallata kai ya zama riya. Tsoron yana da tushe, amma malaman tafsiri sun daɗe da warware batun a ƙissar Annabi Yusuf (AS), wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci riƙon amanarsa da iliminsa, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta Suratu Yusuf. Daga nan suka fahimci cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya a inda ba a san shi ba, matuƙar gaskiya ne kuma akwai buƙata. Mai gyaran injin ban-ruwa da ya ɗauki bidiyon yadda ya kwance injin ya mayar, ko 'yar makarantar da ke rubuta bayanin yadda ake lissafin taki a kadada, sana'arsu suke baje wa masu bukata, kamar yadda mai kifi ke baje kayansa a kasuwa.

Matsalar tana farawa ne daga ƙari. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, sai ya tuhume shi kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san yadda ruwa ke taɓa hatsi, ya kuma san sauƙin ɗaukar hoton saman buhu kawai. Hukuncin ɗaya ne ga wanda ya rubuta "Injiniya" a gaban sunansa bayan horon mako biyu, ko ya ɗora hoton gonar wani ya ce tasa ce. A garin da kusan kowa ya san gidan kowa, irin wannan ƙarya ba ta kwana uku.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarya yawan rufe wa matasa ƙofa, shi ne harshe. Zagin da aka yi wa wani malami a zafin muhawara, ko wanda aka yi domin faranta wa ɗan siyasa a lokacin zaɓe, yana nan ajiye bayan ɗan siyasar ya sauya jam'iyya. A ƙarshen 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar. Mutane da yawa sun yi Allah wadai da kamun, kuma suna da hujja. Sai dai mai ɗaukar aiki ba ya kama kowa. Shiru yake yi, ya kira wani.

Mai neman aikin shi ma ana farautarsa. Sanarwar ɗaukar ma'aikata ta bogi na yawo a zaurukan WhatsApp da sunan hukumar kwastam ko ta shige da fice, ana neman kuɗin fom ko lambar BVN. Adireshin shafukan hukumomin gwamnati yakan ƙare ne da .gov.ng, kuma hukumomin kan nanata cewa ba sa sayar da gurbi. Wanda ya tura irin wannan sanarwa zuwa zauren unguwa ba tare da bincike ba, yana da kamasho a asarar duk wanda ya biya saboda ya ga sunansa a kai.