Ko Kun Sani? Yawan Hannu Kan Rage Ƙarfin Kowa

Ko kun san cewa mutum takwas da ke jan igiya tare ba sa fitar da ƙarfin mutum takwas? Wani Bafaranshe masanin aikin gona, Max Ringelmann, ya auna haka, ya wallafa sakamakon a 1913: a cikin ayarin mutum takwas, kowa yakan ba da kusan rabin ƙarfin da yake bayarwa idan shi kaɗai ne.

Da farko an ɗora laifin kan rashin haɗa hannu a lokaci guda. Sai a 1974 wasu masana a Amurka suka ɗaure wa mutane idanu, suka sa su zaci akwai masu taya su ja, alhali su kaɗai ke ja. Nan ma suka sassauta! Ashe zuciya ce ke laɓewa a bayan jama'a.

Maganin da masana halayyar ɗan Adam suka samo shi ne a sa aikin kowa ya fito fili, abin da manoman Jega, Aliero da Maiyama suka daɗe da sani a wurin gayya. Kowa da kunyarsa, ga makaɗi yana kiran sunan gwani yana yi masa kirari. Wa zai yarda a bar shi a baya? Masu tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu sun fi shan wuya, domin ƙarfinsu a jirgi ɗaya yake narkewa. Haka abin yake a wasan ƙwallo, shi ya sa kocin zamani ke lissafa gudun kowane ɗan wasa daban.