Riƙon Maraya Daban, Riƙon Dukiyarsa Daban

A ƙasar Hausa, da an share makoki sai dangi su zauna su raba 'ya'yan mamaci: wannan gidan baffa, wancan gidan kawu, na goye ya bi uwarsa. Babu takarda, babu shaida. Zumunci ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai ranar da aka je banki ko ofishin fansho neman abin da uban ya bari, ba wanda zai tambayi wa ke ciyar da yaran. Takardar kotu za a nema. A nan ake fara cigiyar lauya, galibi bayan zukata sun riga sun ɓaci.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kafin ya taka ofishin kowane lauya shi ne, abu biyu ake nema, ba ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, reno haƙƙin uwa ne tun farko, sannan kaka ta wajen uwa. Namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma kula da dukiya na uba ne, sai wasiyyin da ya naɗa, in babu, sai wanda alƙali ya ɗora. Baffa ba ya zama majiɓincin gonar maraya don kawai shi ne babba a gida. Uwa ma renonta bai ba ta ikon sayar da filin ɗanta ba. Lauyan da bai rarrabe waɗannan ba zai karɓi kuɗinka ya shigar da ƙarar da ba ita kake bukata ba.

Don haka tambayata ta farko gare shi: ya saba tsayawa gaban kotun Shari'a? Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya riƙon yaro Musulmi, da na mai taɓin hankali ko wanda rashin lafiya ya kayar, cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero sun daɗe suna yaye lauyoyin da suka haɗa Shari'a da dokar zamani. Irinsu ya kamata a nema. A kuma duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa a kan takardunsa, domin harabar kotu ba ta rasa 'yan kan-ta-waye masu baƙar kwat. Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Lamarin dattijon da ruɗewar tsufa ko shanyewar ɓarin jiki ta kama ya fi ba ni tsoro, domin shi yana raye ake cin gadonsa. Ɗa ya riƙe katin banki, wani ya dangwala yatsan tsoho a takardar cinikin gida. Hanya mai tsabta ita ce rahoton likita, sannan kotu ta naɗa mai kula, ta iyakance masa abin da zai taɓa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda dangi ba sa son ji: lauyan wa za ka zama, na yaron ko na mai biyanka? Nagari zai nemi a ƙididdige dukiyar tun ranar farko, a rubuta abin da aka kashe, a miƙa ta gaban shaidu idan yaro ya yi hankali, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarta. Kuɗin aikinsa ma a rubuta, a faɗi daga aljihun wa zai fito.