Yaushe ya kamata a wanke sabuwar sarƙar keke a sa mata mai?

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun jingine babur sun koma hawan keke. Wasunsu da zarar sun sayi sabon keke, ko sun sauya sarƙa, sai su jiƙa ta a kananzir domin raba ta da maiƙon nan mai danƙo da ta zo da shi. Wannan kuskure ne, kuma yana rage wa sarƙar kwana.

Maiƙon ba datti ba ne. Tun a masana'anta ake sa shi yadda zai ratsa har cikin ƙananan ƙusoshi da zobban da ke haɗa gaɓoɓin sarƙar, wato daidai inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Man da ake ɗigawa daga waje da wuya ya cike waɗannan lunguna kamar yadda na asali ya yi. Aibinsa ɗaya ne: wanda ya rage a bayan sarƙar yana kama ƙura, musamman da hunturu. Maganin wannan kuwa tsumma ne. A goge bayan sarƙar sosai, a ƙyale na ciki ya yi aikinsa.

To, yaushe za a fara sa mata mai? Sarƙar ce da kanta za ta faɗa. Idan ta fara ƙara a lokacin da ake taka feda, ko zobbanta suka bushe suna ƙyalli, lokaci ya yi. Mai zuwa ofis a kan kwalta zai iya yin makonni bai ji komai ba, amma mai ɗauko kaya ta hanyar burji ba zai kai haka ba. Da damina kuma ba a jiran ƙara. Duk ranar da ruwa ya doki keken, ko aka ratsa taɓo, a goge sarƙar ta bushe a sa mata mai, domin tsatsa kan bayyana kafin gari ya waye.

Ba a zuba mai a kan datti. Ƙura da mai idan suka haɗu sukan zama wani kwaɓi da ke cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A fara gogewa, sannan a ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, a juya feda, a dakata kaɗan, a share ragowar. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu masu gyara ke labta wa sarƙa saboda araha, ɗauke yake da ɓurɓushin ƙarfe, gara a nisance shi.

Sanin ko sarƙa ta tsufa bai wuce aikin tef ɗin tela ba. A sabuwar sarƙa, tazarar ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ce, don haka idan aka aza farkon tef a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata. Idan ƙusar ta zarce alamar da kashi 1 cikin 16 na inci, a sauya sarƙar. Idan ta kai kashi 1 cikin 8, mai yiwuwa haƙoran da take hawa su ma sun cinye, sai an sauya su tare da ita.