Jera telikonbata biyu a bayan gilashin kyamara: nisa kake saya, da haske kake biya

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton tsuntsu a fadamun Jega ya san matsalar. Kana matsowa ya tashi, in ka tsaya nesa kuma sai ya fito kamar ƙwayar gero a tsakiyar hoto. Manyan gilasan da ke jawo nesa kusa, irin masu milimita 600 ko 800, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Shi ya sa masu hoto ke komawa ga wani ɗan ƙaramin gilashi mai suna telikonbata, wanda ake sa wa tsakanin kyamara da babban gilashin. Daga nan sai tambaya ta biyo baya: in ɗaya yana ninka nisa, me zai hana a jera biyu?

Ana iya jerawa, kuma yana aiki. Amma akwai farashi, kuma gara mutum ya san shi kafin ya zuba kuɗinsa.

Me telikonbata yake yi?

Babban gilashin kyamara yana tattara haske ya zana hoto a kan sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara mai karɓar haske. Telikonbata yana tare hasken nan kafin ya isa, ya ɗan baza shi, sai tsakiyar hoton ta faɗaɗa ta cika sensar, gefe-gefen kuma su zube waje. Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1830 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Peter Barlow, ya fito da irin wannan gilashi domin na'urar hangen taurari, kuma har yau sunansa ake kira a can.

Waɗanda aka fi samu iri biyu ne: mai ninka 1.4 da mai ninka 2. In an jera su, ninkin juna suke yi. Gilashi mai milimita 300 da mai ninka 2 zai zama 600. A ƙara mai 1.4 a kai, ya zama 840. A jera masu ninka 2 guda biyu, an kai 1200.

Mu ɗauki misalin da ya shafi manomi. Jan-baki, tsuntsun nan da ke faɗa wa shinkafa da gero garke-garke a Kebbi, tsawonsa kusan santimita 12 ne. Lokacin da suka kusa hayayyafa, fuskar yawancin mazan takan yi baƙi, bakin matan kuma ya juye daga ja zuwa rawaya. Malamin gona da ke bibiyar garke a fadamar Maiyama zai so ganin wannan alama ba tare da ya kore su ba. Daga nisan mita 50, gilashi mai milimita 300 zai zana tsuntsun da tsawon milimita 0.7 kacal a kan sensa. Da 840 kuwa zai kai milimita 2. Ci gaba ne a ido. To, ina farashin?

Farashi na farko: haske

Ka ɗauki kwano ɗaya na irin albasa. Ka watsa shi a fangali ɗaya, zai fito da kauri. Ka watsa kwanon nan a fangali huɗu, kowane ɗan Aliero zai gaya maka yadda zai fito, tsilli-tsilli. Haka haske yake. Mai ninka 2 yana ninka tsawon hoto da faɗinsa, wato fili ya zama ninki huɗu, alhali hasken da ya shigo ta bakin gilashi bai ƙaru ba. Kowane ɗigo na sensa kashi ɗaya cikin huɗu zai samu.

Mai 1.4 yana cinye rabin haske. Mai 2 yana barin ɗaya cikin huɗu. In an haɗa su biyun, ɗaya cikin takwas ya rage. Masu 2 guda biyu kuwa, ɗaya cikin 16. A harshen masu kyamara, gilashin 300 mai f/4 ya koma 600 mai f/8, sannan 840 mai f/11.

Ga inda abin ke ciwo. Hoton da a da za ka ɗauka cikin kashi 1/1000 na daƙiƙa, yanzu yana buƙatar 1/125. Amma dogon gilashi yana ninka rawar hannunka kamar yadda yake ninka tsuntsun, kuma ƙa'idar da masu hoto suka saba bi ita ce, a milimita 840 kada ka yi ƙasa da kusan 1/1000 in a hannu kake riƙe. Mafita ɗaya ta rage, ka ɗaga ISO daga 400 zuwa 3200, hoton kuma ya cika da burtsatse kamar an yayyafa masa rairayi.

Sai kuma saita hoto da kyamara ke yi da kanta. Yawancin kyamarorin DSLR suna daina kama saiti in an wuce f/5.6, wasu manya su kai f/8. A f/11 sai dai ka murɗa da hannu. Sababbin kyamarori marasa madubi sun fi juriya a nan, amma su ma sukan yi ta laluben saiti in haske ya yi ƙasa, kuma jan-baki ba ya jiran kowa.

Farashi na biyu: girma ba tare da ƙarin bayani ba

Wannan shi ne ainihin kimiyyar. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma duk igiyar da ta ratsa ƙofa sai ta ɗan bazu. Saboda haka babu gilashin da ke iya zana ɗigon haske a matsayin cikakken ɗigo, sai dai ɗan tabo. Abin da ke yanke iyakar ƙanƙantar abin da za a iya bambancewa shi ne faɗin bakin gilashi. Na 300 mai f/4 bakinsa milimita 75 ne, kuma ko da ba shi da aibi ko ɗaya, daga nisan mita 100 ba zai raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan milimita ɗaya ba. Telikonbata a baya yake zaune, bai ƙara wa bakin nan komai ba.

To me ya sa mai 1.4 yake taimakawa? Domin sau da yawa gilashi mai kyau yana zana bayanin da ya fi ƙarfin ɗigogin sensa. A kyamara mai ƙaramar sensa da megafiksel 24, faɗin kowane ɗigo kusan maikuron 4 ne, wato kashi 4 cikin 1000 na milimita. A f/4 tabon haske kusan maikuron 5 ne, a f/8 kusan 11, a f/11 kusan 15. Faɗaɗawar farko tana fito da bayanin da ya ɓuya tsakanin ɗigogi. Zuwa f/11 kuwa an kai rufi, duk abin da bakin gilashi ya tara an riga an gani. Abin da ya wuce nan, dishi-dishi kawai ake faɗaɗawa.

Wannan fa lissafin gilashi marar aibi ne. Gilasan zum masu araha, irin 70-300 da ke ƙarewa a f/5.6, suna da nasu laushin da jirwayen launi a gefen abubuwa, kuma telikonbata zai ninka su duka. Ka jera biyu a kan irin wannan, ka sauka a f/16.

Farashi na uku: iskar da ke tsakani

Ko da kayanka sun cika, akwai abin da ba a saye. A watannin Maris da Afrilu zafi a yankin nan yakan haura digiri 40. Ƙasa tana dumama iskar da ke kanta, iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa, kowace tana karya haske daban. Shi ne kawalwalniyar da kake gani a kwaltar Jega zuwa Koko da tsakar rana. Dogon gilashi yana ninka wannan rawar, har gefen abu ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Da hunturu kuma ƙurar hazo ce ke wanke launi. Lokacin da iska ta fi kwanciya shi ne da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwan sama.

Yaushe jerawa take da amfani?

Idan abin yana da haske sosai, ba ya motsi da sauri, kuma kyamara tana kan sanda mai ƙafa uku. Wata shi ne misali mafi kyau. Faɗinsa a kan sensa kusan tsawon gilashi ne a raba da 110: milimita 2.7 a 300, milimita 7.6 a 840. A nan za ka ga ramukansa sun fito, musamman a kan layin da ya raba haske da duhu. Balbela ko zalɓe da ya tsaya cak a bakin gulbin Zamfara da hantsi shi ma zai iya yiwuwa.

A lura kuma, ba kowane biyu ne ke shiga juna ba. Na Canon suna da gilashin gaba da ya turo waje, shi ya sa masu jerawa ke sa wani zobe marar gilashi a tsakani. Na Nikon suna da ɗan haƙori a bakinsu da ke hana a haɗa su da abin da ba a yi su dominsa ba. Tilasta su na iya karce gilashi.

Kafin ka saya, yi gwaji ɗaya. Manna shafin jarida a bango, koma nisan mita 30, kafa kyamara a kan sanda. Ɗauki hoto babu telikonbata, ɗauki da ɗaya, ɗauki da biyu. A kwamfuta, faɗaɗa na farko da na biyu har su kai girman na uku, ka duba a wanne ne ƙananan haruffa suka fi karantuwa. In na uku bai fi na biyu ba, ajiye kuɗinka ka sayi sanda mai ƙarfi. Malamin gonan nan kuwa, in ya samu inuwar da zai laɓe tun asuba ya rage nisansa daga mita 50 zuwa 25, ya ninka girman tsuntsun sau biyu, haskensa kuma bai ragu ba.