Rangadin podkas: Abin da za a tarar idan aka kai makirufo garin Gella

A watan Oktoban 2024, wasu mutum biyu suka hau dandamali a zauren O2 da ke birnin Landan, wanda ke ɗaukar mutum kusan 20,000. Ba mawaƙa ba ne, ba kuma 'yan dambe ba. Alastair Campbell, tsohon kakakin Firaminista Tony Blair, da Rory Stewart, tsohon minista a gwamnatin Birtaniya, hirar siyasa kawai suka je yi, irin wadda suka saba yi a shirinsu na podkas mai suna The Rest Is Politics. Dubban mutane suka sayi tikiti domin su ga masu muryoyin da suke saurare a waya.

Wannan salo ya iso Najeriya. FK Abudu da Jola Ayeye, masu shirin I Said What I Said, sun cika zaure a Legas, sun kuma kai shirin har Landan. Kalmar podkas ta fara fitowa ne a jaridar Guardian ta Birtaniya a 2004, kuma cikin shekara ashirin shirin sauti na intanet ya tashi daga ɗakin ɗaukar murya ya koma sana'ar yawo gari-gari.

Masu shirya podkas da Hausa ma suna ƙaruwa. Jaridar Aminiya tana da Najeriya A Yau da Daga Laraba, ga kuma matasa masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Abuja. Ko ba daɗe ko ba jima su ma za su fita rangadi. Abin tambaya shi ne inda za su dosa. Idan aka bi lissafin tikiti, tafiyar za ta tsaya ne a manyan otal na birane uku ko huɗu. Idan kuwa aka bi lissafin wanda ya fi buƙatar a ji muryarsa, sai an dangana da garuruwa irin su Gella, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa.

Tsohuwar al'ada ce a Arewa

Kai shiri gaban jama'a ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka motocin majigi ke shiga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga, mai fassara yana bayani da lasifika. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ci gaba da amfani da majigin, a daidai lokacin da ake gangamin Yaƙi da Jahilci. Sai dai a wancan tsari magana daga sama take saukowa. Talaka kallo ya zo yi, ba a ware masa lokacin tambaya ba.

Rediyo ne ya fara sauya wannan. Sashen Hausa na BBC ya soma aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka suka haifar da ƙungiyoyin masu sauraro har cikin ƙauyuka. Daga baya BBC ta fito da BBC Hausa A Karkara, inda ma'aikatanta suka riƙa zuwa ƙauyuka suna ɗaukar shiri a tsakiyar jama'a, sannan ta kawo A Faɗa A Cika, wanda ke zaunar da jami'ai a gaban mahalarta su amsa tambayoyi. A lokutan zaɓen 2019 da na 2023 ta shirya muhawarar 'yan takarar gwamna a Kano da wasu jihohi.

Wani ɓangare na wannan gado yana raguwa. A watan Maris na 2025 Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump na rage hukumar da ke kula da gidan. A Nijar, gwamnatin soja ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Duk tashar da ta yi shiru tana barin gurbi, kuma ba kowa ne mai cike gurbin ke da ladabin aikin jarida ba. Saƙon murya na WhatsApp ba ya jiran edita.

Me ya sa Gella?

Gella na kudu da birnin Mubi, a jikin duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru. Ƙasar Guɗe ce, ana kuma jin Fulatanci da Hausa a kasuwa da ofis. Mazauna yankin manoma ne na masara da dawa da gyaɗa da wake, sai makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. Babbar kasuwar shanu ta Mubi na cikin waɗanda ke cika tireloli zuwa kudancin ƙasar nan.

Wannan yanki da ƙuri'a ya zama Najeriya. Jamus ce ta fara mulkinsa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma riƙon Birtaniya. A ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairun 1961, mutanen Arewacin Kamaru ta Birtaniya suka zaɓi haɗewa da Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. A 1976 aka shigar da shi Jihar Gongola, a 1991 kuma ya faɗo cikin Adamawa. Kakannin mutanen Gella an tambaye su ra'ayinsu kan ƙasar da suke so, suka ba da amsa. Jikokinsu na da haƙƙin a dawo a tambaye su yadda zaɓin ya kaya.

Kuma suna da abin faɗa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka watse, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, kafin sojoji da mafarauta su ƙwato garin a watan Nuwamba. An kai harin bam a masallaci a Nuwambar 2017, aka sake kai wani ranar 1 ga Mayun 2018. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa kowane mai fatauci a yankin. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun shekarar sun zo suka ɗora a kai. Mafi yawan waɗannan matakai a Abuja aka sa musu hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kasafai ake zuwa ɗakin a tambaye shi ba.

Lissafin tafiya

Mai son kai shiri Gella daga Abuja zai sauka Yola, sannan ya kama hanyar Song da Gombi da Hong zuwa Mubi, tafiyar kilomita kusan 200, kafin ya karkata kudu. Kayan aikin ba su da yawa: makirufo uku ko huɗu, na'urar haɗa sauti, lasifika, da batirin sola ko janareta. Idan janareta ne, sai an kai shi nesa da dogon waya, domin ƙararsa na iya lalata ɗaukar yini guda. Zaure mai rufin kwano yana amsa kuwwa, kuma idan ruwan sama ya sauka a kansa an gama shiri. Shi ya sa rani ya fi dacewa, bayan an kai amfanin gona gida.

Abin da ya fi kayan aiki wuya shi ne tsarin zaman. Baƙo ba ya tara jama'a a garin mutane sai ya gaida masu gari: hakimi da dagatai, shugabannin ƙaramar hukuma, limamai da fastoci, da jami'an tsaro. A yankin da ya ga hare-hare a wuraren taruwar jama'a, wannan ya wuce ladabi kawai, batun kare rai ne. Sai dai idan aka bar manyan su zaɓi waɗanda za su yi magana, za a koma Abuja da jawaban godiya zalla. Dole masu shiri su riƙe ikon miƙa makirufo a hannunsu.

Akwai batun harshe. Idan aka yi komai da Hausa, tsohuwar da Guɗe ko Fulatanci kaɗai take iya bayyana damuwarta da shi za ta zauna shiru. Ana buƙatar tafinta wanda jama'a suka yarda da shi, kuma a bar muryar mai magana ta fito a shirin kafin fassarar ta biyo baya. Haka nan mata: a taron da maza suka cika gaba, ba kowace ce za ta ɗaga hannu ba. Zama na daban da mata, da mace mai gabatarwa, yakan fito da maganar asibiti da ruwan sha da kuɗin makaranta, wadda babban taro ke haɗiyewa.

Sai kuɗi. A Landan da Legas tikiti ke ɗaukar nauyin taro. A Gella ba za a sayar wa manomi tikitin zuwa faɗin matsalarsa ba. Saura tallan kamfanoni, ko tallafin gidauniya, ko haɗin gwiwa da gidajen rediyon Yola irin su ABC da Fombina FM da Gotel. Hanya mafi sauƙi kuma mafi haɗari ita ce a karɓi kuɗin ɗan siyasa. Daga ranar da ya biya kuɗin zaure da na mota, taron ya zama gangaminsa, kuma mutanen gari za su gane haka kafin a kunna lasifika.

Haƙƙin mai magana

Taron kai-tsaye yana da zafi. Mutum zai miƙe ya ambaci sunan jami'in da yake zargi da karɓar na goro a shingen hanya, ko ɗan kwangilar da ya bar aiki. Masu shiri za su hau mota su tafi, shi kuwa a garin zai kwana. Wajibi ne a gaya wa kowa tun farko cewa ana ɗauka kuma duniya za ta ji, a ba wanda ke tsoro damar a ɓoye sunansa, a kuma nemi jin ta bakin wanda aka zarga kafin a saki shirin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙarfafa batun neman yardar mutum, sannan Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen gurfanar da 'yan jarida.

Mazauna Abuja sun san ƙarfin irin wannan dandali daga shirin Brekete Family na Ahmed Isah, inda talakawa ke kai kuka a gaban jama'a, a kira jami'i a waya nan take. Sun kuma san iyakarsa: a watan Mayun 2021 Hukumar NBC ta dakatar da lasisin tashar na kwana 30 bayan wani bidiyon BBC ya nuna mai gabatarwar yana marin wata mata da ake zargi. Mai riƙe da makirufo a gaban taro yana da iko babba, kuma ba alƙali ba ne.

Abu na ƙarshe da masu rangadi ke yawan mantawa shi ne mayar da shirin ga masu shi. Ɗora shi a Spotify ko YouTube bai wadatar ba a inda data ke da tsada kuma sabis ke ɗaukewa a bayan dutse. A yanka shi gajeru-gajeru domin WhatsApp, a bar kwafi a shagunan cajin waya inda ake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin memori, a kuma nemi gidan rediyo ya maimaita shi.

Rabon ma'aikacin tarayya

Mai karatu da ke aiki a ma'aikata ko ofishin ɗan majalisa yana iya ganin wannan harkar 'yan jarida ce. Amma tambayoyin da za su tashi a zauren Gella teburinsa za su dawo. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye. Mutumin Mubi ta Kudu na da haƙƙin jin nawa ke shigowa da abin da aka yi da shi. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2017, tana da ayyuka a Adamawa da ya kamata a yi bayaninsu a gaban waɗanda aka yi dominsu. Haka ayyukan mazaɓu na ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha, da na sanatan Adamawa ta Arewa. Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa tana da jami'ai a ƙananan hukumomi, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta wajabta wa hukumomi ba da amsa cikin kwana bakwai.

Saboda haka idan takardar gayyata ta zo daga masu irin wannan shiri, hadimin da ke son alheri ga maigidansa zai ba shi shawarar ya je da kansa, ko ya tura wanda ke da ikon ba da amsa, ɗauke da alƙaluma a rubuce. Wakilin da zai ce zai isar da saƙo ya fi kujerar da babu kowa muni, domin yana cinye lokacin jama'a. Kuma duk alƙawarin da aka yi a gaban makirufo ya shiga ajiya, ana iya kunna shi bayan shekara guda.

A Mubi akwai Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, cike da matasan da suka iya waya da kwamfuta, waɗanda kuma suke jin harsunan yankin. Rangadin da ya yi amfani shi ne wanda zai bar musu makirufo biyu da horon mako guda, ya kuma sa ranar dawowa domin a bi sawun alƙawuran da aka ɗauka. Daga nan, zama na biyu a Gella ba sai an jira motar Abuja ba.