Buɗe Jijiyar Zuciya da ta Toshe

Zuciya ce ke tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma da jini take rayuwa. Wasu ƙananan jijiyoyi da ke kwance a jikinta ne ke shayar da ita. Kitse kan yi shekaru yana taruwa a bangon jijiyar. Ran da ya tsage, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe. Daga nan tsokar da ke gaban toshewar take fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Hanya mafi sauƙi ta buɗe jijiyar ita ce allurar narkar da gudan jini, irin su streptokinase. A 1988 wani bincike mai suna ISIS-2, da aka yi a kan mutum fiye da 17,000, ya nuna cewa haɗa wannan allura da asfirin na rage mace-mace da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Sai dai tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likita ke tambaya ko mutum ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko an yi masa tiyata kwanan nan.

Wadda ta fi ta inganci ita ce hanyar da Andreas Grüntzig ya fara a Zurich a 1977. A yau majinyaci yana farke ake yin aikin. Ana kashe zafin wuyan hannunsa, a zura siririn bututu ta jijiya har bakin zuciya, a tura wani ruwa da ke fitowa a hoto. Nan take likita zai ga inda jinin ya tsaya cak. Sai ya ratsa wurin da waya mai laushi, ya hura ɗan balan-balan, ya bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare bangon. Ana so a yi haka cikin minti 90 da isowar mutum asibiti. Inda babu kayan aikin, ko tafiyar za ta haura awa biyu, allurar ce abin yi, kuma ba rayuka kaɗan take ceto ba.

Idan jijiyoyi da yawa ne suka lalace, akan yi tiyata: a ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji, a kewaye toshewar.

Abin takaici, yawancin lokacin da ake da shi a gida ake ɓata shi. Mutum ya ji nauyi ya danne masa ƙirji, gumi na keto masa, ciwon na sauka hannu ko muƙamuƙi, sai a ce olsa ce, a jira gari ya waye. Don Allah kada a jira. A kai shi asibitin da ke da na'urar gwajin zuciya ta ECG, ko da tsakar dare ne.