Madubin Bindiga da Harbi a Kan Tudu

Mafarautan tsaunukan Alps da Rocky sun san cewa harsashin da aka harba sama kan tudu yakan wuce saman inda aka auna. Dalili kuwa, nauyi yana karkatar da harsashi ne gwargwadon tazarar kwance: mita 400 a gangare mai digiri 30 tamkar mita 346 ne a fili. Wasu na ganin madubi mai kusanto da abu sosai shi ne magani, amma girman hoto ba ya gyara wannan lissafi. Abin dubawa shi ne tazarar ido da madubin, domin in an ɗaga bakin bindiga madubin yakan matso gira, ya fasa ta idan bindigar ta yi baya. A ɗaura shi gaba kaɗan, a daidaita shi kada ya karkace.